Wai mene ne cigung na lokacin zafi?

In ka taɓa ganin bidiyon tsofaffin ƙasar Sin da sassafe sun jeru a fili suna ɗaga hannu a hankali kamar masu tura ruwa, to wani lokacin taici ne, wani lokacin kuma cigung, wanda suke rubutawa qigong. Kalma biyu ce aka haɗa. Ci shi ne numfashi, ko kuzarin da likitancinsu na gargajiya ya ce yana zagaya jiki, gung kuma ƙwarewar da ake samu in an daɗe ana yin abu kullum. Sunan sai a shekarun 1950 ya bazu, amma aikin kam ya tsufa, don a wani kabari da aka tono a 1973 a Mawangdui, wani wuri a ƙasar Sin, an samu ƙyallen siliki da zanen mutum 44 suna irin wannan miƙe-miƙen, kuma kabarin na shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa ne.

To ina ruwan zafi a ciki? Su a wurinsu kowane yanayi akwai abin cikin da aka jingina masa, sanyi na ƙoda ne, zafi kuwa na zuciya ne da wuta. Kar fa ka ɗauka bazararmu ce, tasu tana kamawa wajen 5 ko 6 ga Mayu ta kai farkon Agusta, ga ruwa ga gumi, lokacin mu muna cikin damina. Tsohon littafin likitancinsu Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, cewa ya yi a watanni ukun nan a kwanta a makare a tashi da wuri, kar a ƙosa da rana, kar a bar zuciya ta ɗau fushi, wanda ya saɓa wa hakan zuciyarsa ya cuta.

Shi ya sa mai cigung a zafi ragewa yake yi ba ƙarawa ba, tunda wutar ta riga ta yi yawa. Da sanyin safiya yake fita ya nemi inuwa, in jiki ya ɗan yi danshi shi kenan, ba wai ya jiƙe sharkaf ba, domin gumi a wurinsu ruwan zuciya ne, zubar da shi barkatai asara ce. Akwai sautuka shida da ake fitarwa da numfashi, ana kiransu Liuzijue, na zuciya shi ne “he”, a buɗe baki a huro shi a hankali kamar mai huci a madubi. Sai wani jerin motsin cigung guda takwas da ake kira Baduanjin, na biyar ɗinsu sunansa ma wai kaɗa kai da jela don kashe wutar zuciya, ka ware ƙafa ka ɗan durƙusa, hannu a cinya, kana juya gangar jiki dama da hagu. Daga 11 na safe zuwa 1 na rana kuma lokacin zuciya ne a lissafinsu, hutawa ake yi.

Ni dai a ganina ba sai ka yarda da kuzarin nan da suke kira ci ba, babu na'urar da ta taɓa auna shi, amma jan numfashi a hankali yana kwantar da hankali, wannan kowa ya gwada ya sani. Mai ciwon zuciya ko hawan jini dai kar ya ajiye maganinsa saboda “he”. Inda muka raba gari da su shi ne batun sha, wai bayan an gama kar a taɓa ruwan ƙanƙara, sai shayi mai ɗumi ko romon koren wake.