Ritayar karnukan soja da na 'yan sanda

Ritayar karen aiki ita ce a sallami karen da ya yi wa soja ko 'yan sanda hidima idan ya tsufa ko ya ji rauni, a miƙa shi ga wanda zai riƙe shi a gida har ƙarshen rayuwarsa. Karnukan nan su ne masu sansano bam da ƙwaya, masu bin sawun ɓarawo da gadin barikoki. Yawancinsu jinsin Alsashiyan ne ɗan Jamus, ko Malinuwa ɗan Beljiyam, sai Labrado wanda hancinsa kawai ake so. Galibi ana sallamarsu tsakanin shekara 8 zuwa 10, lokacin ƙugu ya fara ciwo, gaɓoɓi sun sage, haƙora sun lalace saboda cizo, wasu kuma firgicin fagen daga ya kama su, da sun ji ƙara sai karkarwa.

Mu nan Katsina da Daura in ka ce kare ya yi ritaya dariya za a yi, a ce to nawa ne fanshonsa. Amma duk wanda ya zauna da mafarauta ya san maganar ba baƙuwa ba ce, tsohon karen farauta da ƙafa ta daina ɗauka ba kowa ke korarsa ba, wani zai bar shi a bayan gida yana gadi ana ba shi ƙanzo da sauran tuwo. Bambancin kawai shi ne a can waje doka aka yi.

Asalin dokar

Da can sojan Amurka a lissafin kayan aiki suke sa kare, kamar bindiga ko mota. A yaƙin Biyetnam karnuka kusan 4,000 suka yi aiki, amma da aka tashi janyewa wajen 200 kaɗai suka fito, sauran wasu sun mutu a bakin aiki, wasu aka yi masu allurar mutuwa, wasu aka bar wa sojan Biyetnam ta Kudu. Abin ya tsaya wa masu riƙonsu a rai shekara da shekaru. Sai a watan Nuwamba 2000 shugaba Bil Kilinton ya sa hannu a dokar da ake kira Dokar Robby, sunan wani kare ne da mai riƙonsa ya nemi a bar masa, ita ce ta buɗe ƙofar a ba mutane tsofaffin karnukan. A 2015 kuma Obama ya sa hannu a wata wadda ta sa wanda ya yi aiki da karen a gaban layi, kafin kowa.

Yadda ake bayarwa

Cibiyar abin tana sansanin Lackland a San Antoniyo, jihar Tekzas, inda ake horar da su tun farko. Likitan dabbobi zai duba lafiyarsa, a gwada halinsa a ga ko zai iya zama cikin mutane ba ya kai cizo, a dandaƙe shi, sannan a bincika mai nema, gidansa da katanga ko babu, akwai ƙananan yara ko babu. Ba a sayar da karen, kyauta ne, to amma fa a nan gizo ke saƙar, don kuɗin ɗauko shi da abinci da magani galibi a kan mai karɓa suke, kuma tsohon kare asibiti yake ci ba kaɗan ba. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji suka shigo ciki. 'Yan sandan Notingamsha a Ingila ma a 2013 sun fito da wani abu kamar fansho, har fam 500 a shekara na tsawon shekara 3 don magani, kenan mai tambayar fanshon nan bai yi kuskure sosai ba.

Cikin waɗanda suka yi suna akwai Cairo, wanda aka je da shi farmakin da aka kashe Usama bin Ladan a 2011, ya ƙare rayuwarsa a gidan sojan da ya riƙe shi. Akwai Lucca, karya ce, bam ya cire mata ƙafa a Afganistan a 2012, ta samu lambar yabo ta Dickin, wadda ake ba dabbobin yaƙi a Birtaniya, a 2016. Sai Finn na 'yan sandan Ingila da wani ya daɓa wa wuƙa a 2016, saboda shi aka yi dokar 2019 mai ƙara kare dabbobin aiki. Indiya ma sai da aka yi ta surutu a 2015 kan kashe tsofaffin dabbobin soja kafin a canza tsari.

A wajenmu

A Najeriya 'yan sanda suna da sashen dabbobi mai karnuka da dawaki, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana sa karnuka sansano ƙwaya a manyan filayen jirgi. Wanda zai ɗauki irin wannan karen a Katsina kuwa tambayarsa ta farko ta addini ce. Hadisi ya yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da gona, malamai da yawa suka haɗa da gadi, a mazhabar Malikiyya kuma kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7. Tambaya ta biyu zafi ne, Alsashiyan mai gashi a watan Afrilu in babu inuwa da ruwa ba zai kai labari ba, ga kaska, ga allurar haukan kare da sai an riƙa yi masa a kan lokaci.