Gwarzon kifi a gasar kamun bas

Bas kifin ruwan daɗi ne da asalinsa yake Arewacin Amurka, kuma shi ne kifin da aka fi shirya gasa a kansa a ƙasar Amurka. Nau'i biyu suka fi shahara: mai faɗin baki, wanda ya fi girma, da mai ƙaramin baki. Ana kama shi da sandar fatsa daga cikin jirgin ruwa, ba da taru ko koma ba. Awonsa da laba da oza ake yi: laba ɗaya kusan giram 454 ce, oza 16 ke cika laba. A bakin masu wannan wasa, kifin da ya kai laba 8 ya shiga sahun manya, wanda ya kai laba 10 kuwa mutane da yawa sukan ƙare rayuwarsu ba su taɓa kama irinsa ba. Kusan duk irin waɗannan ƙattin mata ne, kuma sun fi nauyi a ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, lokacin da cikinsu ke cike da ƙwai.

Yadda ake awo a gasa

Ray Scott ne ya shirya gasar da ta aza harsashin wannan sana'a, a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, sannan ya kafa ƙungiyar masu kamun bas mai suna B.A.S.S. Babbar gasarta, Bassmaster Classic, ta fara a 1971 a tafkin Mead. A Argungu wanda ya fito da kifi mafi girma shi ke lashe gasa. Nan ba haka ba ne: kowane ɗan gasa yana kawo kifi biyar mafi nauyi da ya kama a yini, a haɗa nauyinsu, wanda jimlarsa ta fi a ƙarshen kwanakin gasar shi ne zakara. Kifi ɗaya mafi girma yana da kyautarsa daban, amma ba ta kai ta zakara ba.

Ana son kifin ya iso sikeli da ransa. Tun 1972 ƙungiyar ta fara sakin kifi bayan awo, shi ya sa jiragen gasa suke da akwatin ruwa mai samun iska. Wanda ya kawo matacce ana rage masa nauyi, kuma a gasar da oza ɗaya kan raba na farko da na biyu, wannan ragi ba ƙarami ba ne. Wata ƙungiyar gasa, Major League Fishing, ta bi wata hanya: alƙali yana cikin jirgin, ya auna kifin nan take a mayar da shi ruwa. Masu gasa a ƙananan kwalekwale kuma tsawo suke aunawa, su ɗauki hoton kifin a kan allon awo.

Wanda ya tara laba 100 a gasar kwana huɗu B.A.S.S. tana ba shi ɗamara ta musamman. Paul Elias ya tara laba 132 da oza 8 a tafkin Falcon na Teksas a 2008. Dean Rojas kuwa ya kawo kifi biyar masu nauyin laba 45 da oza 2 a yini ɗaya a tafkin Toho na Fulorida a 2001, wato a matsakaici kowane kifi ya ɗan haura laba 9.

Bajintar duniya

Hukumar IGFA, wadda aka kafa a 1939, ita ke riƙe da kundin bajintar kamun kifi na duniya, kuma a nan ne ake ganin nauyi kaɗai ba ya isa. Ranar 2 ga Yuni 1932 wani matashin manomi, George Perry, ya kama bas mai laba 22 da oza 4 a tafkin Montgomery na jihar Jojiya. An auna shi a gidan waya na garin Helena, daga nan aka kai shi gida aka cinye, don lokacin matsin tattalin arziki ne. Shekara 77 ba wanda ya kamo bajintarsa, sai ranar 2 ga Yuli 2009 da Manabu Kurita ya kama wani a tafkin Biwa na Japan, mai kilo 10.12. Ya ɗara na Perry da kusan oza ɗaya, amma ƙa'idar IGFA ta ce kifin da bai kai laba 25 ba sai ya zarce tsohuwar bajinta da oza 2 kafin ya ture ta. Bayan bincike na watanni, har da gwajin na'urar gano ƙarya, aka ce sun yi kunnen doki.

Akwai wanda ya fi su duka biyun. A Maris 2006 Mac Weakley ya fito da wata mai laba 25 da oza 1 daga tafkin Dixon na Kalifoniya, wadda ake kira Dottie saboda baƙin ɗigon da ke kusa da kumatunta. Sai dai ƙugiyar a gefen jikinta ta kama, ba a baki ba. Ya sake ta, bai nemi a rubuta masa komai ba. A 2008 aka tsinci gawarta tana yawo a saman ruwa.

Bajintar mai ƙaramin baki, laba 11 da oza 15 da David Hayes ya kama a tafkin Dale Hollow a 1955, an soke ta a 1996 bisa zargin an cusa wa kifin ƙarfe, aka mayar da ita a 2005.

Shirye-shiryen jihohi

Teksas ta fara shirin ShareLunker a 1986. Wanda ya kama bas mai laba 13 ko fiye tsakanin Janairu da Maris yana iya ba hukumar jihar aronta, a kai ta cibiyar kiwon kifi ta garin Athens ta yi ƙwai, a zuba 'ya'yan a tafkuna. Ta farko a shirin, Ethel, mai laba 17.67, daga tafkin Fork ta fito, kuma a tafkin ne aka kama mafi girma a tarihin jihar a 1992, mai laba 18.18. Fulorida ta buɗe TrophyCatch a 2012 da matakai uku: daga laba 8, daga laba 10, sai laba 13 zuwa sama. Abin da take nema shi ne hoton kifin gaba ɗaya a kan sikeli, lambar awo tana fitowa sarai, sannan a sake shi da ransa.