Waƙoƙin ƙiyayya a filayen ƙwallon Glasgow: daga ina aka faro?

Duk sanda Celtic da Rangers, manyan ƙungiyoyin ƙwallon birnin Glasgow na Scotland, suka kara, muhawarar kan taso: a rufe wa ƙungiya wani sashe na fili ne, ko a zabge mata maki, ko kuwa a bar 'yan sanda su riƙa tsamo masu waƙar zagin Katolika da masu yi wa mayaƙan IRA (ƙungiyar da ta ɗauki makamai don kawar da mulkin Birtaniya a Ireland) kirari ɗaya bayan ɗaya?

Farkon labarin sananne ne. An kafa Rangers a 1872, Celtic kuma a 1887, a hannun Brother Walfrid, wani malamin Katolika, don ciyar da 'ya'yan talakawan Ireland mabiya Katolika da ke gabashin Glasgow. Daga baya aka san Rangers da magoya baya 'yan ɗarikar Furotesta, amma ba da gaba aka fara ba. Wasan Celtic na farko a 1888 na sada zumunci ne da Rangers. A 1909 kuwa magoya bayan ɓangarorin biyu tare suka yi ƙone-ƙone a filin Hampden, suna zargin ana shirya canjaras don a sake karɓar kuɗin ƙofa.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne shekarun 1920 da 1930. An raba Ireland gida biyu a 1921, zafin rikicin ya tsallako teku, sai kuma aikin ƙera jiragen ruwa a gaɓar kogin Clyde, wanda dubban iyalai ke ci da shi, ya durƙushe. A ƙarshen 1931 aka tsayar da aikin jirgin da ya zama Queen Mary. Gangar jikinsa ta shekara biyu da ɗoriya tana tsatsa a Clydebank, magidanta na wucewa ta gefenta hannu a aljihu. Gurbin aiki ɗaya, masu nema birjik. Nan tambayar "wace makaranta ka yi?" ta yi kaifi, don sunan makaranta kaɗai ya isa ya nuna ɗarikar mutum. Samari marasa aikin yi suka kafa daba unguwa-unguwa, kuma waƙar zagin Katolika ta 'yan dabar unguwar Bridgeton ta wancan zamani ce ta bi jama'a har cikin fili. Jikokinsu sun gaji baitin, akasarinsu ko coci ba sa leƙawa.

Matakan da suka biyo baya galibi a kan fili suka tsaya. Tarzomar da magoya bayan ƙungiyoyin biyu suka yi a 1980 ta jawo hana giya a filayen ƙwallo. Dokar 2012 ta sa an riƙa gurfanar da masu waƙar, aka soke ta a 2018 bayan ƙorafin cewa 'yan kallon ƙwallo kaɗai ta ware.

A gasannin UEFA, laifin magoya baya na kan ƙungiyarsu kai tsaye, kuma an taɓa cin Celtic da Rangers tara. A gasar cikin gida ta Scotland kuwa, ƙungiya kan tsira idan ta nuna ta yi bakin ƙoƙarinta wajen hanawa. An kawo shawarar bin tsarin UEFA a 2013, ba ta samu shiga ba.