Tara Sabobin Reshe a Inji Ɗaya

Tara sabobi a inji ɗaya fasaha ce da ke ba kwamfuta guda mai ƙarfi damar ɗaukar sabobi da yawa a cikinta, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima, kowace da nata tsarin aiki, ba tare da ɗaya ta shiga harkar ɗaya ba. Injin ƙarfen shi ake kira mai masauki, sabobin da ke zaune cikinsa kuwa baƙi ne, kuma injiniyoyi a Legas sun fi ce musu VM. Manhajar da ke raba musu ƙarfin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ma'adanar wucin gadi, wato RAM, da faifan ajiya ita ce haifabaiza. Tsarin ya yi kama da gidan haya irin na Agege: kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma mita ɗaya ce, famfo ɗaya ne, in rufi ya yi yoyo kowa ya jiƙe.

A manyan cibiyoyin ajiyar bayanai an daɗe da gama muhawara a kan wannan tsari, kusan kowa ya koma tsarin baƙin sabobi. Inda har yanzu ake ja-in-ja shi ne ƙaramin ofishin reshe, mai ma'aikata goma zuwa hamsin, babu injiniya na dindindin. Maganar takan taso ne lokacin da tsohon inji ya gaji, ko garantinsa ya ƙare, ko kamfanin manhaja ya daina tura gyare-gyaren tsaro. Microsoft ya janye tallafin Windows Server 2012 R2 ranar 10 ga Oktoba 2023, na Windows Server 2016 kuma zai ƙare a Janairun 2027. Kamfanin sufuri ko na hatsi ko ƙaramin bankin da hedikwatarsa ke Ikeja ko Apapa, rassansa kuma suna Mile 12 da Alaba Rago har zuwa Kano da Sakkwato, dole ya yanke shawara: a sayi injuna kamar yadda aka saba, kowane aiki da nasa, ko a sayi guda a tara su ciki.

Asali

Fasahar ta girmi kwamfutar tebur. IBM ya fara ta a manyan injunansa da CP-40 da CP-67 a ƙarshen shekarun 1960, ya fitar da VM/370 a 1972. Ta shigo ƙananan sabobi ne ta hannun VMware, wanda aka kafa a 1998, ya fitar da ESX a 2001. Xen ta fito daga Jami'ar Kambirij ta Ingila a 2003. Intel a 2005 da AMD a 2006 suka saka tallafin fasahar a cikin firosesa kanta, abin da ya rage nawar da baƙi ke yi a da. KVM ta shiga Linux a 2007, Hyper-V na Microsoft da Proxmox VE na ƙasar Ostiriya suka biyo baya a 2008.

Abin da reshe ke samu

Aikin sabar reshe ba shi da yawa, amma iri-iri ne. Akwai mai tantance sunan ma'aikaci da kalmar sirrinsa, akwai mai raba adireshi ga kwamfutocin ofis, akwai ma'ajiyar fayiloli da firinta, sai rumbun bayanan manhajar lissafi ko ta ƙidayar kaya. A tsohon tsari ko dai a cusa su duka a Windows guda, sabunta ɗaya ya kayar da sauran, ko a saya wa kowane injinsa, su yi ta cin wuta alhali mafi yawan yini zaune suke.

Raba ayyuka da rage injuna su ne ribar da aka fi ambata, amma ga reshe mai nisa akwai wadda ta fi su. Baƙuwar saba fayil ce. Ba ta damu da irin ƙarfen da take kai ba, domin haifabaiza ce ke nuna mata kayan aiki iri ɗaya ko'ina. In injin Dell ya mutu a reshen Kano, ana iya tayar da kwafinta a kan injin HPE da aka aro, ko a hedikwata a Legas, cikin awanni. Saba da aka girka kai tsaye a kan ƙarfe takan ƙi tashi a wani inji daban sai an yi fama da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa tsarin aiki da kayan injin, kuma tsakanin Legas da Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Wannan dalilin kaɗai ya isa a sa haifabaiza ko da baƙuwa ɗaya tak za ta zauna a injin. Haka kuma sauyin inji na gaba, bayan shekara biyar ko shida, zai zama kwashe fayiloli ne kawai.

Sai kula daga nesa. Baƙuwar da ta maƙale, injiniya zai ga allonta daga Ikeja ya sake tayar da ita. Mai masaukin kansa yana buƙatar katin kula na musamman, iDRAC a injunan Dell, iLO a na HPE, wanda ke aiki ko injin a kashe yake muddin yana jone da wuta. Masu sayen tokumbo a kasuwar Computer Village ta Ikeja sukan manta su tambayi lasisin wannan kati, alhali shi ne ke hana a kira akawun reshe da tsakar dare ana ce masa, "Malam, duba fitilar nan, kore ce ko ja?"

Haɗarin tarawa

Abin da aka tara wuri guda tare yake faɗuwa. Saboda haka kuɗin da aka rage na sayen injuna uku bai kamata ya koma aljihu duka ba. Wani kaso nasa na faifai ne masu riƙe wa juna kwafi, wato RAID, da na'urar karɓar wuta guda biyu a jikin injin, da isasshiyar ma'adanar wucin gadi, wadda ita ce ke fara ƙarewa kafin firosesa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar hoton yanayi, sinafshot, a matsayin kwafin ajiya. Hoton yana zaune ne a faifan da baƙuwar take, in faifan ya tafi sun tafi tare. In aka bar shi makonni kuma sai ya kumbura ya cinye wuri, baƙi duka su tsaya. Amfaninsa na ɗan lokaci ne: a ɗauka kafin sabunta manhaja, a goge da zarar an ga komai lafiya. Ƙa'idar da aka sani ta kwafin ajiya ita ce 3-2-1: kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin.

Sabar tantance shiga tana da nata sharaɗin. Mayar da ita baya da hoton yanayi kan rikita lissafin da take yi da takwarorinta na hedikwata. Windows Server 2012 ya kawo kariya daga wannan, amma sai haifabaizar ta san da ita. Ga reshen da tsaronsa bai kai ba, tun 2008 akwai nau'in da ake kira RODC, mai karatu kawai, wanda ba ya riƙe kalmomin sirri sai na waɗanda aka yarje masa. Ana kuma kiyaye kada shiga mai masauki ya dogara ga baƙuwar da ke cikinsa, domin ranar da ta ƙi tashi an rufe ƙofa da makulli a ciki.

Inji ɗaya ko biyu

Dillalai sukan kawo shawarar injuna biyu haɗe, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya ɗauki baƙinsa nan take. Tsarin yana aiki, sai dai yana buƙatar na uku mai raba gardama, wanda ake kira shaida. In igiyar da ke tsakanin injunan ta yanke, kowanne zai ɗauka ɗan'uwansa ne ya mutu, kuma shaidar ce ke faɗin wanda zai ci gaba. Sau da yawa a hedikwata ake ajiye ta, wato an rataya lafiyar reshe a kan layin intanet ɗin da ake gudun dogaro da shi. Ga kuɗin lasisi ninki biyu, ga ƙarin wuta, ga tsari mai wuyar gyara ga wanda bai ƙware ba.

Reshen banki ko asibiti, inda tsayawar awa ɗaya babbar asara ce, ya cancanci wannan. Shagon rarraba kaya mai ma'aikata ashirin bai cancanta ba. Ya fi masa alheri ya samu inji ɗaya mai kyau, da kwafin baƙinsa da ke tafiya wani wuri a kai a kai. Hyper-V Replica, alal misali, yana tura canje-canje duk daƙiƙa 30 ko minti 5 ko minti 15. Tambayar da mai kamfani zai amsa da bakinsa, ba injiniya ba, ita ce awa nawa reshen zai iya aiki da takarda da biro, kuma aikin awa nawa za a iya sake shigarwa in ya ɓace.

Wuta da zafi

A nan ne lissafin Legas ya bambanta da na littattafan da aka rubuta don Turai. Kamfanonin Ikeja Electric da Eko ne ke raba wuta a birnin. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai farashin rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. A ɗauka tsofaffin injuna huɗu ne, kowane na jan wat 250: yunit 720 ke nan a wata, naira 162,000 a wancan farashi. Sabon inji guda mai jan wat 350 zai ci yunit 252, naira 56,700. Ba a sa kuɗin dizal da na na'urar sanyaya ɗaki ba. Ƙaramin nauyi kuma yana nufin inbata da batura da sola za su iya riƙe ɗakin saba dare guda ba tare da an tayar da janareta ba.

Amma ɗaukewar wuta ta fi yi wa mai masauki illa, domin baƙi huɗu ne za su faɗi lokaci guda suna tsakiyar rubutu a faifai. UPS, wato akwatin batir mai riƙe inji in an ɗauke wuta, irin wanda wuta ke ratsa shi koyaushe shi ya dace, ba ƙaramin na kwamfutar tebur ba, kuma dole a haɗa shi da injin ta yadda in batir ya yi ƙasa zai kashe baƙi bi da bi, rumbun bayanai cikin natsuwa, sannan mai masauki. Batiran UPS ba sa daɗewa a ɗaki mai zafi, kuma ba a gane sun mutu sai ranar da aka neme su. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta ba da shawarar digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyos ga ɗakin saba. A Apapa da Lekki laima da iskar gishiri ke cin ƙarfe, a rassan Arewa ƙurar hunturu ke toshe fanka.

Layin intanet da zaɓin barin saba gaba ɗaya

Akwai masu cewa kada a ajiye komai a reshe, a mayar da aiki cibiyoyi irin su Rack Centre a Ikeja ko Equinix a Lekki, wadda a da ake kira MDXi, ko a kan girgije, wato sabobin haya da ake aiki da su ta intanet. Legas ta fi ko'ina a Najeriya dacewa da haka, tunda a gaɓarta igiyoyin ƙarƙashin teku ke sauka: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano a 2022. Starlink ma ya fara aiki a ƙasar a 2023. Ga wasiƙu da fayiloli wannan zaɓi ne mai kyau. Duk da haka, ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a tekun yammacin Afirka, bankuna da kamfanoni da dama suka shiga matsala. Abin da ya fi wannan yawan faruwa shi ne masu aikin hanya su tsinke igiyar unguwa. Aikin da ba ya jira, kamar fitar da rasit da loda mota, gara ya zauna a reshe.

Girman layi kuma shi ke yanke yadda za a yi kwafi. Tura gigabait 500 ta layi mai megabit 10 a daƙiƙa zai ci fiye da awa 110. Shi ya sa kwafin farko akan ɗora shi a faifai a kai da hannu, sauran dare kuma canje-canje kawai ke bin layi.

Lasisi

Kusan duk lasisin nan da dala ake lissafinsa, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 nauyinsa ya ƙaru. Windows Server Standard yana halatta baƙi biyu na Windows a inji guda, da sharaɗin mai masaukin bai yi wani aiki ba sai ɗaukar baƙi. Nau'in Datacenter ba shi da iyaka amma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ana ƙirga lasisin da yawan ƙwayoyin firosesa, mafi ƙaranci 16 ga kowane inji, don haka sayen firosesa mai ƙwayoyi da yawa ga ƙaramin reshe ƙarin kuɗi ne kawai. Bayan Broadcom ya sayi VMware a Nuwamban 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na biyan kuɗi lokaci-lokaci, abin da ya tura ƙananan kamfanoni da yawa zuwa Hyper-V da Proxmox da XCP-ng. Biyun ƙarshe kyauta ne, tallafi kawai ake biya. Sai dai haifabaizar da ta dace ita ce wadda injiniyan kamfanin, da wanda zai gaje shi, suka iya gyarawa.

Inda ba ta dace ba

Na'urar naɗar hotunan kyamarorin tsaro gara a bar ta da kanta, domin rubutunta ba ya tsayawa kuma zai takura wa sauran baƙi. Tsofaffin manhajojin da lasisinsu ke cikin ɗan makullin USB, ko masu magana da sikelin awon mota ta tsohuwar kafa, sai an gwada su kafin a yanke hukunci. Wasu masu manhajar lissafi kuma ba sa ba da tallafi sai a kan haifabaizar da suka amince da ita, don haka a nemi amsarsu a rubuce. Ma'ajiyar kwafi ma kada ta zama baƙuwa a injin da take karewa.

Sauƙin kwashe baƙuwar saba yana da ɗaya fuskar: wanda ya samu shiga ɗakin zai iya tafiya da bayanan reshe duka a faifai guda. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin tsare bayanan abokan hulɗarsa, a hedikwata suke ko a reshe. Saboda haka ake kulle faifan mai masauki da na kwafi da lambar sirri, BitLocker a Windows ko LUKS a Linux, a ajiye makullan a hedikwata, kabad ɗin saba kuma ya kasance a rufe da rajistar masu buɗe shi.