David Holmes: The Boy Who Lived

David Holmes: The Boy Who Lived fim ne na labarin gaskiya da aka fara nunawa a watan Nuwamban 2023 a tashar HBO ta Amurka da Sky ta Birtaniya. Dan Hartley ne ya ba da umarni, Daniel Radcliffe kuma, ɗan wasan da ya fito a matsayin Harry Potter, na cikin manyan masu shiryawa. Fim ɗin ya bi rayuwar David Holmes, ɗan yankin Essex a Ingila, wanda ya yi kusan shekara goma yana tsaya wa Radcliffe duk inda wasa ya zo da kasada a finafinan Harry Potter.

Holmes ya taso yana wasan alkafura da tsalle-tsalle, ga shi da ƙaramin jiki, shi ya sa tun bai cika shekara 20 ba aka ɗauke shi ya riƙa shiga rigar yaro ɗan shekara 11. Faɗuwa, shawagi a kan tsintsiya, buguwa da bango, duk shi ke yi, amma ba a nuna fuskarsa. Radcliffe ya ɗauke shi tamkar yayansa.

A watan Janairun 2009, a situdiyon Leavesden da ke kusa da Landan, ana gwajin wani wasa na fim ɗin Harry Potter na bakwai. An ɗaura masa igiya a jiki wadda za ta fizge shi baya da ƙarfi. Fizgar ta wuce kima, ta maka shi da bango, wuyansa ya karye. Daga ƙirji zuwa ƙasa jikinsa ya shanye. Ya yi watanni yana jinya a asibitin ƙashi na Stanmore, ya fito a keken guragu.

Inda fim ɗin ya fi taɓa zuciya shi ne wajen mutanen da abin ya faru a gaban idonsu. Greg Powell, shugaban masu wasan kasada, har yanzu yana ɗauke da nauyin wannan rana, kuma ana ganin haka a fuskarsa. Marc Mailley, aminin Holmes, shi aka sa ya karɓi aikinsa ya ƙarasa fim ɗin, ya sa rigar abokinsa alhali abokin na kwance a asibiti. Ba ƙaramin abu ba ne a ga irin waɗannan maza, da suka saba haɗiye ciwo, suna share hawaye a gaban kyamara.

Holmes bai naɗe hannu ba. Ya koma tuƙa mota da aka gyara ana sarrafa ta da hannu, yana tara wa asibitin da ya yi jinyarsa taimako, a 2020 kuma shi da Radcliffe suka buɗe shirin hira mai suna Cunning Stunts, inda masu wasan kasada ke ba da labarin sana'arsu. Sai dai fim ɗin bai ɓoye cewa ciwon na ƙara cin jikinsa ba: an sha yi masa tiyata a laka, ƙarfin hannunsa na dama kuma yana raguwa.