Mene ne MIDI Clock? Agogon da ke sa kwamfuta da fiyano su taka tare

Duk wanda ya taɓa zama a situdiyo ya ga irin wannan. Makaɗi ya zaɓi sitayil, wato kiɗan rakiya da fiyano ke kaɗawa da kanta, a kan fiyanonsa kirar Yamaha PSR, irin wadda ta daɗe tana riƙe da kiɗan finafinan Hausa. Ya sa saurin kiɗa 100, wato bugu 100 a minti ɗaya, ya je kan kwamfuta ma ya rubuta 100. Sai ya ɗora yatsa ɗaya kan maɓallin Start, ɗayan hannun kan kwamfuta, ya ƙirga uku a zuci ya danna. Da fari komai lafiya lau. Amma da aka buɗe abin da aka naɗa, sai ga ganga ba ta zauna kan layukan da manhaja ta zana ba, ta ɗan goce, kuma kafin waƙar minti biyar ta ƙare gocewar ta ƙaru. Mai haɗa sauti ya so ya yanko amshi ya maimaita shi a gaba, abu ya ƙi haɗuwa.

Laifin ba na makaɗi ba ne. Hannu biyu ba sa sauka lokaci guda cif, sannan kowace na'ura da nata agogon take ƙirga, 100 ɗin wannan ba lallai ya zama 100 ɗin waccan daidai wa daida ba. Maganin wannan shi ake kira MIDI Clock, wato a kashe agogo ɗaya, na'urorin biyu su koma bin guda.

MIDI kansa yare ne da kayan kiɗa na lantarki ke magana da juna da shi. Ya fito a 1983, bisa ƙoƙarin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan. Ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan, umarni kawai yake kaiwa: an danna wannan maɓalli, da wannan ƙarfi, an saki. A cikin umarnin akwai wani ɗan saƙo da aikinsa bai wuce tafi ba. Na'urar da ke jagora tana aika shi sau 24 a kowane bugu ɗaya na kiɗa. Idan saurin 100 ne, sau 40 ke nan a daƙiƙa guda. Idan 120 ne, sau 48. Abin da ya fi burge ni shi ne babu inda jagora ke cewa "saurina 120 ne". Mabiyi ne ke sauraron tazarar tafin ya gane da kansa, kamar yadda 'yan amshi ba sa jiran a faɗa masu lamba, kunne suke bai wa kalangu. Jagora ya ƙara sauri su ƙara, ya lafa su lafa.

Tare da tafin akwai saƙo uku: fara, tsaya, da ci gaba. Akwai kuma wani da ke faɗa wa mabiyi inda aka kai a cikin waƙa. Wannan na ƙarshe bai cika yi wa sitayil amfani ba, domin sitayil zagaye yake yi, gaɓa (wato rukunin bugu, galibi huɗu) biyu ko huɗu ko takwas ya dawo farko. Shi ya sa idan ka tashi kwamfuta daga tsakiyar gaɓa, fiyano za ta fara daga bugunta na ɗaya, su yi ta tafiya da sauri iri ɗaya amma ƙafa a harɗe. Kullum a tashi daga farkon gaɓa.

To wa zai zama jagora? Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma a ganina sarautar nan ta kwamfuta ce. Wasu manhajojin ma ba su bar maka zaɓi ba: Cubase tana aika MIDI Clock amma ba ta bin na wani. Ableton Live tana iya duka biyun, sai dai idan ita ce ke bi, za ka ga lambar saurin tana ɗan rawa sama da ƙasa, abin da ba ka so yayin da ake naɗar murya. A FL Studio, cikin saitin MIDI, akan zaɓi fiyanon a jerin masu karɓa a kunna mata Send master sync. A ɓangaren fiyano kuwa, a shiga saitin MIDI a mai da Clock daga Internal zuwa External, a tabbata kuma an zaɓi ƙofar da wayar ta shiga, ko USB ko tsohuwar ƙofar nan mai ramuka biyar.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne zaton cewa da an haɗa agogo an gama. Agogo lokaci kawai yake bayarwa. Bai san kod ɗin da hannun hagu ya kama ba, wato maɓallan da ake dannawa tare, bai kuma san sassan sitayil ba: bai san an tashi daga Main A an koma Main C ba, bai san an sa Fill ko Ending ba. Kod dole ya zo daga yatsunka, ko daga wani layi a kwamfuta da aka tura wa tashar da fiyano ke karanta kod. Canjin sashe kuwa a Yamaha ta wani saƙo na daban mai suna SysEx yake fita, kuma manhajoji da yawa suna tace shi su zubar sai ka hana su. Saboda haka ni na fi son hanya mai sauƙi: a bar kwamfuta ta ja, makaɗi ya kaɗa waƙar da hannunsa daga farko zuwa ƙarshe, a naɗi abin da sitayil ke fitarwa. MIDI na da tashoshi 16, kuma a Yamaha sitayil na zaune ne a ta 9 zuwa ta 16: biyun farko na ganguna, ta 11 ta bes, sauran na jita, fiyano, goge da ƙawa. Kowace ta samu layinta, daga baya sai a gyara wadda ake so ba tare da an taɓa saura ba.

Kada a rikita MIDI Clock da MTC (MIDI Time Code), mai kama da shi a suna. Wancan awa da minti da daƙiƙa da firam yake ƙirgawa, aikinsa haɗa sauti da hoto, bai san saurin kiɗa ba, don haka ba zai ja sitayil ba.

Ko bayan an daidaita, sautin fiyano kan iso kwamfuta da ɗan jinkirin da bai kai ko daƙiƙa ɗaya ba. In dai jinkirin bai canzawa, ba abin damuwa ba ne, a ja layin baya kaɗan ya hau. Idan kuma aka ji kowane sauti na fita biyu-biyu kamar a cikin tulu, kwamfuta ce ke mayar wa fiyano abin da ta aiko. A kashe Local Control, saitin da ke sa fiyano ta fitar da sautin maɓallanta kai tsaye, ko a rufe hanyar dawowar.

Sai abu ɗaya da ya sha kai mutane wajen mai gyara a banza. An gama aiki da dare, washegari an ɗauki fiyano zuwa wurin biki, amarya na hanya, an danna Start shiru. Ba ta lalace ba, tafin kwamfuta take jira. A manyan PSR, inda lambar sauri ta saba fitowa za ka ga an rubuta EXT. A mayar da Clock zuwa Internal tun kafin a naɗe waya.