Me Ya Sa Solarku Ba Ta Kai Ku Asuba?

A aikinmu na zagayawa ƙauyuka domin duba rijiyoyin burtsatse da ƙananan asibitocin da aka sa wa sola, ƙorafin da ya fi yawa shi ne cewa an sayi farantin sola mai wat 300, amma wutar ba ta kai yadda mai sayarwa ya faɗa ba. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, lambar da ke rubuce a bayan faranti an auna ta ne a ɗakin gwaji, inda aka haska masa haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, zafin jikinsa kuma bai wuce digiri 25 na ma'aunin Salshiyas ba. Irin wannan yanayi da wuya ya samu a kan rufin kwano a Sakkwato ko Maraɗi.

Abu na farko da ke cin wutar shi ne zafi, kuma a nan ne jama'a suka fi yin kuskure, domin sun ɗauka cewa yadda rana ta ƙwalle haka wuta za ta ƙaru. Haske faranti yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Duk digiri ɗaya da jikinsa ya ƙaru a kan 25, yana rasa kimanin kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, jikin faranti kan kai 65. Wannan kaɗai ya cinye kusan kashi 16 cikin 100. Idan kuma aka manna shi a jikin kwano ba tare da an bar tazarar da iska za ta ratsa ta ƙarƙashinsa ba, abin ya ƙara muni. Don haka a nemi mai haɗawa ya ɗaga shi a kan ƙarfe, aƙalla tsawon taƙi guda, ya fuskantar da shi kudu da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15, wanda ya dace da ƙasar Hausa, kuma yake sa ruwan sama ya gangara ya wanke shi da damina.

A wani hunturu an kira mu wani ƙaramin asibiti saboda fitilun ɗakin haihuwa suna mutuwa tun kafin kiran assalatu, har ungozoma ta koma karɓar haihuwa da fitilar waya. Kwamitin unguwa ya riga ya fara tara kuɗin sabon batir. Da na hau tsani na duba, sai na tarar da ƙurar hazo ta yi kauri a kan gilashin har na rubuta sunana da yatsa, ga kashin tattabaru ya bushe a kusurwa ɗaya, ga kuma reshen darbejiya da ke jefa inuwa a kan ɓangaren ƙasa na farantin tun daga ƙarfe 2 na rana. Mai gadin ya ce mini, "Ranka ya daɗe, ai an hana mu taɓawa, an ce kayan gwamnati ne." Bokitin ruwa ɗaya da tsumma da adda suka gyara mafi yawan matsalar, ko da yake batirin ya riga ya jigata saboda makonnin da ya yi bai cika ba.

Batun inuwa yana buƙatar ƙarin bayani, domin ɓarnarta ta fi girman wurin da ta rufe. Ƙananan murabba'an da kuke gani a fuskar faranti a jere suke haɗe, wuta tana bi ta ɗaya zuwa ɗaya kamar ruwa a cikin tiyo, saboda haka idan ganye ko kashin tsuntsu ya rufe guda ɗaya, kamar an taka tiyon ne da ƙafa. A yawancin manyan farantai, rufe murabba'i ɗaya kan kashe sulusin farantin baki ɗaya, kuma wurin da aka rufe yana iya yin zafi har ya ƙone. Wanki kuwa a yi shi da sassafe ko da yamma liƙis, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, ba tare da omo ko soson ƙarfe ba, domin watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana na iya tsaga shi. Daga Nuwamba zuwa Maris, sau ɗaya a mako bai yi yawa ba.

Bayan wuta ta bar rufi, kowace na'ura da ta ratsa sai ta karɓi rabonta. Siririyar waya mai tsawo tana mayar da wuta zafi, musamman a haɗin bolt 12, inda kayan wat 600 ke jan amfiya 50 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya), alhali a haɗin bolt 48 amfiya 12.5 kawai za su ja, asarar da ke cikin waya iri ɗaya kuma ta ragu ninki 16. Idan kun taɓa waya da rana kuka ji ta da ɗumi, kuɗinku ne ke tafiya. Na'urar daidaita caji ma, wadda ake sawa tsakanin faranti da batir, iri biyu ce a kasuwa. Mai arha, wadda ake kira PWM, tana janyo ƙarfin faranti ƙasa zuwa na batir, don haka wanda ya haɗa babban faranti mai bolt 30 da ɗoriya da batir mai bolt 12 ta hanyarta, ya zubar da fiye da rabin abin da ya saya. Mai tsadar, wato MPPT, tana juya wannan rarar ta zama caji, sai dai a yi hattara, domin akwai na jabu da aka liƙa wa sunan kawai.

Batir mai ruwa yakan mayar da kimanin kashi 80 cikin 100 na abin da aka zuba masa, na litiyom kuma fiye da 90. Mai ruwan ba a son a sha fiye da rabinsa a dare ɗaya, kuma ajiye shi a ɗakin da ba iska yana gajarta masa rai, domin ƙarin zafi na digiri 10 kan rage shekarunsa da kusan rabi. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta NEPA, tana cin wajen kashi 10, kuma babba tana shan wuta ko da ba a kunna komai ba, shi ya sa ya kamata a kashe ta idan an rufe shago.

Idan aka yi lissafi da faranti mai wat 300 da awa 6 na cikakkiyar rana, a takarda za a sami 1,800 a rana ɗaya, wato wat 300 sau awa 6. A cire kashi 15 na zafi, saura 1,530. A ƙaddara ƙura da waya sun ci kashi 10, batir mai ruwa ya ci 20, inbata ta ci 10, abin da zai isa ga fitila da fanka bai kai 1,000 ba. Fanka mai wat 60 da ta kwana tana juyawa awa 10 ta riga ta sha 600 daga ciki. Wanda zai sayi sola ya fara rubuta kayan da zai kunna da awannin da kowanne zai yi, ya ninka wat ɗin kowanne da awanninsa, ya tara jimillar, sannan ya nemi farantan da a takarda za su ba da kusan ninki biyu na wannan adadi, ya kuma roƙi mai haɗawa ya nuna masa inda zai riƙa karanta cikar batir kowace la'asar.